Katantanwa Da Ma'auni: Tarihin Wata Gardamar Masana

Duk wanda ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san wasan katantanwa. Yaro zai murza ta, ta tsaya cak a kan tsininta tana juyi, da juyin ya ƙare sai ta kife. To, ɗan'uwa mai karatu, wannan abin da muka ɗauka wasan yara ya daɗe yana ɗaure wa manyan masana kai.

Tun zamanin Aristotal, masanan Girka sun ce akwai wani abu da ido ba ya gani wanda ya cika sararin samaniya. Larabawa suka kira shi al'asir. A ƙarni na 19 Turawa suka ce a cikinsa haske ke tafiya, kamar yadda igiyar ruwa ke tafiya a kan tafki. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Michelson da Morley suka raba haske gida biyu, suka aika shi fuskoki daban-daban, don su ga ko tafiyar duniya cikin al'asir za ta sa wani ɓangare ya riga wani. Ba su sami bambancin da suke nema ba. A 1905 Einstein ya nuna lissafi na tafiya daidai ko ba al'asir.

Duk da haka, masu neman wani ɓoyayyen ƙarfi a sarari ba su haƙura ba, sai suka koma kan abubuwa masu juyi. A 1974 Farfesa Eric Laithwaite na Kwalejin Imperial da ke Landan, injiniya mai suna, ya tsaya gaban taron Royal Institution da jairoskof, wato faifan ƙarfe mai juyawa a kan sanda, yayan katantanwa ke nan. Ya ce idan yana juyi nauyinsa raguwa yake yi, kuma dokokin Newton ba su bayyana haka ba. Cibiyar ta ƙi buga laccar. Daga baya shi da kansa ya yarda cewa jairoskof bai saɓa wa Newton ba.

A 1989 kuma Hayasaka da Takeuchi na Jami'ar Tohoku a Japan suka ba da sanarwar cewa nasu jairoskof na rage nauyi kaɗan idan ya juya dama, amma ban da hagu. A 1990 masana a Boulder ta Amurka, da na ofishin awo na duniya kusa da Paris, suka sake gwajin da ma'aunai masu inganci. Nauyi bai motsa ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma wannan tarihi ya nuna awo ma na korar gani. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne, kuskure suka yi, kuma maimaita gwaji ne ya gyara shi. Mu marubuta muna da 'yancin ƙirƙirar abin mamaki a ƙagaggen labari, kamar yadda Umaru Dembo ya yi a Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma idan muka ce kimiyya muke rubutawa, sai mu tambaya: wa ya sake gwadawa, me kuma ya samu? Ɗalibin da ya karanta mu gaskata mu zai yi. Allah Ya sa mu riƙe amana.