Daga Taswirar Talauci Zuwa Taswirar Ciniki

A shekarar 1889 wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya wallafa taswirar birnin Landan wadda aka shafa wa titunanta launuka gwargwadon halin mazauna: baƙi ga mafiya talauci, rawaya ga masu dukiya. Manufarsa ita ce auna talauci, kuma bincikensa ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen birnin matalauta ne. Sai dai aikin ya tabbatar da wani abu da 'yan kasuwa suka ci gajiyarsa daga baya, wato mutane masu hali iri ɗaya sukan zauna wuri ɗaya, kuma ana iya ganin haka a takarda.

A Amurka aka mai da wannan ilimi makamin ciniki. A 1931 William Reilly na Jami'ar Texas ya fitar da ƙa'idar da ke cewa gari yana jawo masu saye gwargwadon yawan jama'arsa, nisa kuma yana rage wannan ƙarfi da sauri. Idan garuruwa biyu suna da tazarar kilomita 30, ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu a yawan mutane, iyakar cinikinsu za ta faɗi a kilomita 20 daga babban, 10 daga ƙaramin. A 1963 David Huff ya gyara ƙa'idar, domin mai saye ba ya tsayawa kan kasuwa ɗaya. Yakan raba zuwansa bisa girman kanti da lokacin da tafiya ke ci.

William Applebaum, wanda ya yi aiki da kamfanin Kroger a shekarun 1930, ya bi hanya mafi sauƙi. Ana tambayar masu saye inda suke zaune, a ɗiga kowane gida a taswira, sai yankin da ke ciyar da kantin ya fito fili. Idan za a buɗe sabon reshe, sai a nemi unguwar da ta yi kama da inda tsohon ya yi albarka.

Zuwan kwamfuta ya faɗaɗa aikin. Amurka ta fara amfani da lambobin gidan waya na ZIP a 1963, sannan a shekarun 1970 Jonathan Robbin ya haɗa su da alƙaluman ƙidaya, ya kasa unguwannin ƙasar gida 40 a tsarin PRIZM.

Taswira tana iya yin zalunci. A shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin Amurka ta shafa wa unguwannin baƙar fata da na baƙi jan launi, alamar haɗari ga mai ba da bashi. Unguwannin da aka yi wa irin wannan hukunci sun daɗe suna rasa jari, rashin jarin kuma ya zama hujjar ci gaba da guje musu.

A Najeriya matsalar ta alƙaluma ce. Ƙidaya ta ƙarshe an yi ta a 2006, inda aka samu mutum miliyan 140, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Unguwanni da yawa a gefen Kano da Abuja sun bunƙasa bayan wannan ƙidaya. Shirin GRID3 yana ƙiyasta yawan jama'a ta hotunan tauraron ɗan'adam, aikin da ya samo tushe daga taswirorin rigakafin shan inna a Arewa, amma ƙiyasin ba ya bayyana abin da ke aljihun mutane.

Saboda haka dabarar Applebaum ta fi dacewa da mai ƙaramin jari, wanda sau da yawa yakan biya kuɗin hayar shekara guda kafin ya sayar da komai. Littafin rubuta unguwannin masu saye, da ƙirga masu wucewa safe da yamma har mako guda, suna iya nuna masa inda kasuwarsa take tun kafin kuɗin su bar hannunsa.