Asalin Zuwan Turawan Ingila Bakin Teku

Ya ku 'yan makaranta, kada mu zaci tun fil azal Turawan Ingila ke kwasar iyali su tafi bakin teku shan iska. Kakanninsu tsoronsa suke ji, sun bar wa masunta. Cikin shekarar 1750 wani likita, Richard Russell, ya wallafa littafi, ya ce ruwan teku magani ne, a sha, a kuma yi wanka. Sai mawadata suka dinga ɗunguma Brighton. Mutum ya shiga ɗan ɗakin katako mai ƙafafu, doki ya ja shi cikin ruwa, wai don kada a ga tsiraicinsa.

Talaka fa? Shi kam sai da jirgin ƙasa ya iso, Brighton a 1841, Blackpool a 1846. Masaƙun Lancashire, inda daga baya aka riƙa kai audugarmu, sukan rufe mako guda kowace shekara. Amma hutun nan ba ko anini a cikinsa. Uba sai ya shekara yana zubin adashi, kwabo-kwabo, kafin 'ya'yansa su taka yashi. In ciwo ya cinye kuɗin, tafiya ta fasu. Dokar hutu da albashi ba ta fito ba sai 1938, ita ma ba ta game kowa ba.