Salka a Gefen Gingimari

Ɗan ƙanwata ne ya tono wannan zance. Ya zo hutu daga makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron, can jihar Akwa Ibom, ya baje mini takardar shaida a kan tabarma. Wai kafin a bar mutum ya taka jirgi sai ya ci darasi huɗu: yadda zai tsira in jirgi ya nutse, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da abokan aiki, kuma duk shekara 5 a sake gwada shi. Sai ya ce, "Kawu, ku da kuka yi ta keta sahara, a wace makaranta aka koya muku?"

Makarantarmu bayan mota ce. A 1976 mahaifina ya damƙa ni hannun wani direban gingimari a Jibiya. Shekara shida ina yaron mota, weji a hannu, kafin a bar ni in taɓa sitiyari da kaya a bodi. Mukan fita ta Magama, mu yi sallama da kwastan, mu faɗa hannun jandarmomin Ɗan Isa, sai Maraɗi, Damagaram, Tanut, Agadas. Daga nan kuma sai Allah.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya tayar da inji sai ya ƙirga ruwa, kafin mai, kafin kuɗin mota. Salka huɗu muke ratayawa a gefen bodi, iska na bugunsu, ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Ban da durom na lagireto, wanda ko limamin garinku ne kai ba za ka yi alwala da shi ba. Taimama ake yi. Kofi ɗaya ne, na silba, a aljihun rigarsa yake kwana. Wata rana bayan Tanut ƙishi ya ci ƙarfina, na laɓe na kafa baki a salka. Bai dake ni ba. Ya ce, "Kai yaro, rabon wa ka sha?" Ya nuna wata tsohuwa da jikarta a saman kaya. Da yamma ya miƙa musu nasa kofin, ina kallo. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Dokarsa ta biyu, in mota ta mutu ba mai barin ta. A shiga ƙarƙashi a kwanta har rana ta yi sanyi, a rage surutu, in an kwana biyu a cinna wa tsohuwar taya wuta, hayaƙin ya kira masu wucewa. Mota ana hango ta daga nesa, mutum a ƙafa kuwa rairayi ke shanye shi. Ba ya kuma shiga hamadar Tenere shi kaɗai sai da ayari. Af, ita wannan bishiya ɗaya tilo ta Tenere da madugai suka riƙa saiti da ita, ban riske ta ba. Wani direba ya banke ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Fili iya ganinka, amma sai da ya same ta! Maigida kan ce da shi ne ya yaye wannan direba, da ya ajiye tuƙi don kunya.

Yanzu yaro ya yi wata uku yana juya Hilux, ya sayi wayar tauraron ɗan'adam, shi ke nan ya zama direban sahara. A loda mutane kamar buhunan gero, jarka biyu a ɗaure a baya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Ranar da na ji a rediyo ban iya cin tuwo ba.

Na ajiye tuƙi lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agustan 2019, gwiwa ma ta riga ta gaji. Kofin silbar yana wurina, iyalansa suka ba ni bayan rasuwarsa. Shugabannin tasha, na Jibiya da na Maraɗi, roƙona ɗaya ne: duk motar da za ta yi arewa, a ƙirga ruwanta da kawunan da ke ciki kafin kamasho ya karɓi la'adarsa.