Zogale

zogale (suna, namiji). Wasu kan ce zogala, zogala-gandi ko bagaruwar Makka.

1. Itace mai saurin girma da ƙananan ganyaye, asalinsa ƙasar Indiya. Masana tsirrai suna kiransa Moringa oleifera.

2. Ganyen itacen, ɗanye ko busasshe, da ake dafawa don kwaɗo, dambu ko miya.

*Zogalen Madarumfa*: wanda ake nomawa a fadamun Gulbin Maradi, musamman wajen Jiratawa a yankin Madarumfa. Gulbin yakan taso daga ƙasar Katsina, ya zube laka mai taushi a kwari, ruwa kuma yana kusa a rijiya. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, don haka ban ruwa ke raya zogalen da rani. Manoma suna sare shi ƙasa-ƙasa don ya yi ta tofo, ganyen ya fito da laushi. Mata kan tsige shi, su tafasa, su tsane, su kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa da barkono, kasancewar Maradi ƙasar gyaɗa ce tun da daɗewa.

Misali: *Inna, a ƙara mini kwaɗon zogale.*

Duba: fadama, kwaɗo, rama.