Yadda Aka Koyi Auna Nasarar Zakarun Damben Duniya

A shekarar 1958, Nat Fleischer, mutumin da ya kafa mujallar dambe ta The Ring a Amurka tun 1922, ya fitar da jerin zakarun ajin masu nauyi guda goma da yake ganin ba a yi kamarsu ba. Jack Johnson ya sa a gaba, Jim Jeffries na biye da shi, Joe Louis kuwa sai a na shida. Har ya bar duniya a 1972 bai yarda Muhammad Ali ya shiga cikin goman ba. A yau da wuya a sami masanin dambe da zai amince da wannan jeri, alhali Fleischer ya shekara fiye da hamsin a bakin dandamali yana kallon naushi da idonsa. Ma'aunin ne ya canja. An ɗauki kusan shekaru ɗari kafin a daidaita a kan abin da ’yan damben gargajiya suka daɗe da sani, wato kisa yana yin daraja ne gwargwadon wanda aka kashe. Idan ana son sanin nauyin nasarar zakara, sai a tambayi halin da abokin karawarsa yake ciki a daren, da abin da ya yi kafin nan, da abin da ya iya yi bayan nan.

A farkon al'amari babu mai yin wannan tambaya, domin babu hukuma, babu jeri, zakara shi ke zaɓar wanda zai dambata da shi. Ranar 7 ga Satumba 1892 a New Orleans, James Corbett ya kayar da John L. Sullivan a turmi na 21, karon farko da kambun ya sauya hannu da safar hannu da turmi na minti uku. An yi ta kururuwar wannan nasara, amma Sullivan ɗin da aka doke ya yi shekara uku bai kare kambunsa ba, yana yawon wasan kwaikwayo da shaye-shaye. Kuma duk zamansa zakara ya ƙi karawa da Peter Jackson, baƙar fata, wanda ya yi turmi 61 da Corbett a 1891 ba wanda ya kayar da wani. Tun daga nan aka kafa al'adar da ta ɓata lissafi shekaru da dama: zakara ya kauce wa wanda ya fi haɗari, jama'a kuma su auna nasara da yawan taro da kuɗin ƙofa.

Damben Jack Johnson da Jim Jeffries a Reno, ranar 4 ga Yuli 1910, shi ya fi nuna wannan ruɗani. Johnson ya karɓe kambun daga Tommy Burns a Sidni ta Ostiraliya a ƙarshen 1908, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe shi, sai aka lallashi Jeffries ya dawo daga gonarsa don ya ƙwato wa fararen fata. Johnson ya gama da shi a turmi na 15. Tarzoma ta ɓarke a garuruwan Amurka, an kashe mutane, akasarinsu baƙaƙe, kuma a 1912 majalisar dokokin ƙasar ta hana kai fim ɗin dambe daga jiha zuwa jiha. Ba mai musun girman wannan rana a tarihin baƙar fata, kuma jarumtar mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban taron da ke fatan ganin bayansa abin girmamawa ce. Sai dai Jeffries yana da shekara 35, rabonsa da dandamali kusan shekara shida, kuma sai da ya sha wahalar rage ƙiba kafin ya shigo. Johnson da kansa, da ya hau kujera, ya ƙi ba Sam Langford dama. Haka Jack Dempsey, wanda ya kayar da Jess Willard sau bakwai a turmin farko a 1919, ya gama zamaninsa bai haɗu da Harry Wills ba.

Abubuwa biyu suka fara gyara lissafin. Na farko, daga tsakiyar shekarun 1920 mujallar The Ring ta shiga buga jerin waɗanda suka fi cancantar neman kambu, don haka ƙin karawa da na ɗaya ya zama abin da ake rubutawa a tuna. Na biyu, fim ya kyautatu, gani ya kori ji, masanin da aka haifa daga baya yana iya zama ya duba da kansa. A cikin wannan yanayi aka yi damben farko da ya cika ma'auni biyu a lokaci guda, na tarihi da na fasaha. A Yunin 1936 Max Schmeling na Jamus, wanda ya nazarci fina-finan Joe Louis ya lura yana sauke hannun hagu bayan ya kai naushi, ya yi ta auna masa dama har ya kayar da shi a turmi na 12. Louis ya karɓi kambun daga James Braddock a 1937, amma ya ce ba zai ɗauki kansa zakara ba sai ya rama. Ranar 22 ga Yuni 1938, gaban mutum kusan 70,000 a filin Yankee, gwamnatin Hitler na jiran ta yi farfaganda da sakamakon, Louis ya gama aikin cikin daƙiƙa 124, Schmeling ya kwana asibiti da rauni a ƙashin baya. Masu cewa siyasa ce ta kumbura wannan nasara sun manta cewa wanda aka doke tsohon zakaran duniya ne, kuma shi kaɗai ya taɓa doke Louis a lokacin. A cikin karon 25 da Louis ya kare kambunsa, babu wanda ya kai wannan.

Akwai masu riƙe da ƙidaya, hujjarsu kuma Rocky Marciano ce: dambe 49, nasara 49, bai taɓa faɗuwa wasa ba. Ƙidaya tana nuna juriya da tsayuwa a kan sana'a, amma ba ta faɗar ko wane ne aka doke. Louis ɗin da Marciano ya kayar a 1951 yana da shekara 37, bashin haraji ne ya dawo da shi. Jersey Joe Walcott na da 38 lokacin da ya haɗu da Marciano a 1952, duk da cewa wannan nasara ta cancanci yabo, don Walcott ya kai shi ƙasa a turmin farko kuma yana gaba da maki har naushi ɗaya ya raba gardama a turmi na 13.

Shekarun 1970 ne suka ba ma'aunin cikarsa, saboda a lokacin manyan sun dambata da juna suna cikin ganiyarsu, kowa aka doke an san abin da ya iya. An ƙwace kambun Ali a 1967 don ya ƙi shiga sojan yaƙin Biyetnam, ya dawo a ƙarshen 1970. Ranar 8 ga Maris 1971 a New York ya haɗu da Joe Frazier, dukansu ba wanda ya taɓa shan kaye, Frazier ya kai shi ƙasa da hagu a turmi na 15 ya ci da maki. Shi wannan Frazier ɗin George Foreman ya kayar sau shida cikin turmi biyu a Kingston ta Jamaika a Janairun 1973. Ken Norton, wanda ya karya wa Ali muƙamuƙi a wannan shekarar, shi ma turmi biyu ya yi a hannun Foreman a Karakas. Wato mutum biyun da suka taɓa doke Ali, Foreman ya gama da su cikin turmi huɗu jimla. Da wannan shaida ya isa Kinshasa ta Zayar don karawa da Ali yana ɗan shekara 25, dambe 40 ba faɗuwa, 37 daga ciki da bugun kwaf ɗaya. Ali na da 32, saurin ƙafarsa ya ragu. Da asubahin 30 ga Oktoba 1974 Ali ya ga rawar da ya saba ba za ta kai shi ba, sai ya jingina da igiya ya rufe fuska, ya bar Foreman yana zuba ƙarfinsa a hannuwa da haƙarƙari, shi kuma yana sakin dama a tsakiyar fuska duk lokacin da ƙofa ta buɗe. A turmi na 8 Foreman ya faɗi. An kawo uzurori, an ce igiya ta yi sako-sako, an ce tsagewar da ya samu a saman ido wajen atisaye ta katse masa shiri. Amsar duk wannan ta zo bayan shekara ashirin, lokacin da Foreman, yana da shekara 45, ya kayar da Michael Moorer a Nuwamban 1994 ya sake zama zakara. Wanda ya iya haka da tsufa, sai a ƙiyasta abin da yake a 25.

Gardama mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa nasarar Frazier ta fi, tunda shi ya doke wanda ake kira gwarzon gwaraza. Maganar tana da nauyi, kuma ta isa ta sa Frazier gaba da kusan kowa. Abin da ya rage mata shi ne Ali na 1971 dambe biyu kawai ya yi bayan zaman shekara uku da rabi, Foreman na 1974 kuwa ba abin da ya tauye shi. Wasu kuma suna auna nasara da mamakin da ta bayar, su kawo Buster Douglas da ya kayar da Mike Tyson a Tokiyo a Fabrairun 1990 bayan ’yan caca sun sa 42 a kan 1. Amma farashin caca ra'ayin jama'a yake aunawa, kuma Tyson ya je Japan ba tare da Kevin Rooney, tsohon mai horar da shi ba, shirinsa kuma ya yi rauni. Shi kansa Tyson, babbar nasararsa ta daƙiƙa 91 a kan Michael Spinks a 1988 an same ta ne a kan mutumin da ya hauro daga ajin da ke ƙasa. Masu cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kada a gwada zamani da zamani, suna da gaskiya idan ana tambayar wa zai doke wa. Wannan ma'auni bai tambayi haka ba, yana duba kowane dambe ne da mutanen zamaninsa. Kuma tun da kambu ya rabu tsakanin hukumomin WBA da WBC da IBF da WBO, har mutum huɗu na iya amsa sunan zakara a rana ɗaya, ɗamara ta daina isa hujja, sai sunan wanda aka doke.

A bisa wannan ma'auni, nasarar Ali a kan Foreman ce ta ɗaya, ta Frazier a kan Ali ta biyu, ta Louis a kan Schmeling ta uku. Nasarar Foreman a kan Frazier tana biye da su kusa, ta Johnson a kan Jeffries kuwa gurbinta na tarihin Amurka ya fi gurbinta na dambe girma.