Madatsar Tiga: Me ƙarin ruwa ke jawo wa namun daji da wuraren shaƙatawa?

A duk lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a gonakin rani na Kura da Bunkure a jihar Kano, hankali kan koma kan madatsar ruwa ta Tiga, tare da tambayar ko za a iya ƙara yawan ruwan da take tarawa.

Ga manomin shinkafa ko tumatir amsar a fili take. Sai dai ruwan da aka tare a wuri ɗaya yakan haɗiye wani daji a bayansa, ya kuma hana wata fadama sha a gabansa.

Tarihin madatsar

An gina Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamna Audu Baƙo. Tafkin da ya taru yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, kuma dubban mutane ne aka tayar daga ƙauyukansu kafin ruwa ya rufe su.

Daga nan ne babbar hanyar ruwa ke kai shi gonakin Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure, inda aka tsara noman hekta dubu 22 a kashin farko na shirin. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da shi.

A shekarar 1992 an rage tsayin mazubar madatsar saboda fargabar kada ta karye, shekaru huɗu bayan ɓallewar madatsar Bagauda da ke kusa. Don haka batun faɗaɗa Tiga, a zahiri, batu ne na mayar da ruwan matakinsa na da.

Abin da ke bayan madatsar

Ta kudu tafkin ya yi iyaka da dajin Falgore, wanda aka keɓe domin namun daji. Idan ruwa ya ƙara hawa, abin da zai fara ci shi ne kurmin bakin kogi, inda manyan itatuwa suke, inda kuma birai da gada da tsuntsaye ke samun inuwa da abinci a lokacin rani.

Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ƙarin mita ɗaya kan shafe fili mai yawa. Manoma da makiyayan da suka rasa wuri kuma sukan matsa cikin dajin, lamarin da ke ƙara takura namun da suka rage.

Akwai masu cin riba. Sabon wurin da ruwa ya rufe kan zama maƙyanƙyasar kifi irin su karfasa da tarwaɗa, tsuntsaye masu cin kifi kamar zalɓe su ma su yawaita. Amma wannan albarka takan ja baya bayan 'yan shekaru, idan ganye da itacen da ruwa ya binne suka gama ruɓewa.

Abin da ke gaban madatsar

Babbar asarar tana can nesa, a fadamun Haɗejiya da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. Rayuwar wurin ta dogara ne kan ambaliyar damina da janyewarta da rani.

Agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan taso daga Turai, su ƙetare Sahara su yi hunturu a can. A shekarar 2000 aka sanya wani ɓangare na yankin cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Tun bayan gina Tiga, da kuma Challawa a 1992, faɗin wurin da ambaliya ke kaiwa ya ragu ƙwarai. A maimakon haka ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wanda ya bai wa ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Cikinta ne tsuntsayen jan baki ke kwana, su tashi su far wa shinkafa da gero.

Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ya isa fadamun ya fi samar da amfani, ta fuskar noma da kamun kifi da itacen girki, fiye da irinsa da aka juya zuwa gonakin rani na Kano.

Yawon buɗe ido

Tun farko an yi fatan madatsun za su zama wuraren hutu. An gina otel ɗin Rock Castle a Tiga da wani a Bagauda, wanda daga baya aka mayar da shi reshen makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya.

Babban tafki kan ba da damar yawo a kwale-kwale da kamun kifi da fitar iyalai a ranakun sallah. Sai dai yayin da ake zuƙe ruwa domin ban ruwa, gaɓar kan ja baya ta bar laka mai nisa. Ruwa mai kwanciya kuma matattara ce ta dodon koɗi mai yaɗa cutar tsargiya, musamman ga yaran da ke wanka a hanyoyin ruwan gonaki.

A can ƙasa kuwa, masu zuwa kallon tsuntsaye a Dagona, inda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989, ba za su ga komai ba in ambaliya ba ta zo ba.

Mafita

Masana harkar ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin damina domin kwaikwayon ambaliyar asali, a kuma rage shi da rani don kacalla ta bushe.

Suna kuma cewa yashe hanyoyin ruwa da toshe wuraren da yake zurarewa a Kura da Bunkure kan samar wa manoma ƙarin ruwa ba tare da an ɗaga madatsar ko da taƙi ɗaya ba.