Yadda Iyayenmu Suka Gina Gidajensu A Ƙasar Kontagora

Jama'a, duk wanda ya dubi tsofaffin gidajenmu na Kumbashi ya san ba a shekara ɗaya aka gina su ba. Tun bayan da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864, Hausawa suka yi ta gangarowa wannan ƙasa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wasu fatauci ya kawo su, wasu noma, wasu almajirci. Baƙo in ya zo, gidan mai masauki yake sauka. In ya ga zama ya karɓe shi, sai mai masaukin ya kai shi gaban mai gari, a miƙa goro, a nuna masa fili. Babu takarda, dattawan da suka tsaya su ne shaida.

Kuɗin gini kuwa ba su da yawa, don kayan duk suna kusa. Ƙasa a kududdufi ake haƙo ta, a kwaɓa da ciyawa a yi tubali. Azara daga giginya, makuba daga ɓawon ɗorawa, jinka daga daji. Abin da mutum zai tanada shi ne ladan magini da hatsin da za a yi wa 'yan gayya tuwo da fura. Shi ya sa sai bayan kaka ake soma aiki, lokacin da rumbu ya cika, kuma babu ruwan da zai narkar da tubali. Bana a ja katanga a yi ɗaki guda, baɗi a ƙara na biyu, zaure ya biyo baya in Allah Ya hore.

To, shigowar kwano da siminti ita ta sauya lissafi. Kamfanin siminti na Sakkwato ya soma aiki a 1967. A 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashi na Udoji, kowa ya so gidan bulo. A 1975 har jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, sannan a 1978 gwamnatin Obasanjo ta kafa dokar filaye, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar fili a karkara. Daga nan goro da shaidar baki suka daina isa.

A 1986 Babangida ya kawo tsarin SAP, naira ta faɗi, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Amma ɗan kasuwa ina ya ga albashi? Ga kuma gudun riba. Sai mutanenmu suka riƙe abin da suka sani, wato adashi da kiwo. A sayi ɗan maraƙi a turke, in ya yi ƙiba a kai kasuwar Mariga, kuɗin su zama bandir ɗin kwano.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin dako ya sake ɗaga komai. Saboda haka, 'yan'uwa, mu ɗauki darasi. Kafin a kafa tushe a je sakatariya a Bangi a nemi takarda, kada a bar wa marayu rigima. Kwano da rodi da bulo ana iya tara su kaɗan-kaɗan, amma siminti ba a ajiye shi, daskarewa yake yi. Kada kuma mutum ya zuba jarinsa a gini, ya wayi gari babu shago, ga kango ba rufi. A gama ɗaki ɗaya a shiga, a huta da kuɗin haya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa muhallinsa, amin.